Mudun Gida da Mudun Kasuwa

A unguwarmu ba sai mutum ya duba kalanda ba zai san jarrabawar fita sakandare ta matso. Da zarar zafin bazara ya kankama, mangwaro ya cika baro a bakin titi, sai ka ga samarin da ba a raba su da gidan kallon ƙwallo sun ɗauke ƙafa. Can za ka same su ƙarƙashin fitilar sola ta ƙofar masallaci, kowa riƙe da tsohon littafin tambayoyin shekarun baya wanda bangonsa ya cire, ana ta haddace abin da ya kamata a ce an gane tun bara waccan. 'Yan mata kuwa a sauke musu wanke-wanke da aike, ka ji uwa tana cewa, "Ku ƙyale ta, tana da WAEC." Iyaye maza su shiga lissafin aljihu, iyaye mata su shiga roƙon uwar adashi ta matso musu da kwasa. Haka muke yi kowace shekara, kuma a irin wannan lokaci hirar majalisarmu ba ta wuce zancen makaranta.

Daren da nake son ba ku labari, muna zaune kan benci a teburin mai shayi bayan isha'i. An ɗauke wuta, ba ka jin komai sai ƙarar janareton mai cajin waya. Telan bakin layi ya iso da guntun zare maƙale a kafaɗarsa, ya yi sallama, ya ce a haɗa masa mai kauri. Babban ɗansa yana aji shida, ajin ƙarshe ke nan. Bai gama zama ba ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa makarantar yaron nan. An ce akwai wani maki da malamai ke aikawa can sama. Ina so in ga malamin ajinsu, ya ɗan duba mana."

A cikinmu akwai malamin Lissafi, ya kusa shekara 20 yana riƙe da alli a wata sakandaren gwamnati. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"Maigida, yaushe rabonka da makarantar?"

Tela ya yi shiru yana tunani. "Tun ranar da na kai shi aji huɗu na sa hannu a takarda."

"To ai makin da kake magana, tun daga wannan ranar aka fara tara shi."

Daga nan Malam ya warware mana yadda abin yake. Kowane darasi a kan maki 100 ake auna shi. A jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta, 70 daga zauren jarrabawa suke fitowa, 30 kuma daga hannun makaranta. Waɗannan 30 su ne yara ke kira CA: tes ɗin da ake yi a tsakiyar zango, aikin gida, aikin ɗakin gwaje-gwaje, jarrabawar ƙarshen zango, duk abin da yaro ya taɓuka tun daga aji huɗu har zuwa aji shida. Makaranta ke tattarawa ta shigar wa hukumar ta intanet tun kafin a zauna jarrabawa. NECO ma tana karɓar irin wannan maki daga makarantu. Malam ya dubi tela ya ce, "Na ɗanka tuni ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Baba Hedimasta, wanda ya yi ritaya tun muna yara, yana gefe a kan kujerarsa ta roba yana jan carbi. Shi ba ya saurin sa baki, amma in zance ya zo kan makaranta ba ya bari ya wuce. Ya gyara murya ya ce a zamaninsu fom 1 zuwa fom 5 ake yi, kuma duk wahalar shekara 5 a kan takardar mako kaɗan take rataye. Ya ba mu labarin wani ɗan ajinsu wanda tun shigarsu ba a taɓa wuce shi ba, zazzaɓi ya kwantar da shi a makon jarrabawa, ya shiga zaure yana rawar ɗari, ya fito ba abin kirki. Malaman da suka san ƙwazonsa suna ji suna gani, ba su da ta cewa, domin ba a tanadar musu gurbin da za su yi masa shaida ba.

"Wannan ɓarakar aka so a ɗinke," in ji Baba. Ya ce manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ita ta zo da batun auna yaro a kai a kai, ita ce kuma ta haifi tsarin 6-3-3-4: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. 'Yan farkon wannan tsari sun zana jarrabawar babbar sakandare a 1988. "Ku 'yan yanzu kuna ganin makin nan kamar kyauta ce da malami ke rabawa. Shaida ce. An ce wa malami, kai da ka zauna da yaron nan shekara 3, faɗi abin da ka sani a kansa."

Wani matashi mai gyaran babur ya ce, "To Baba, tun da malami ne ya san yaro, me zai hana a bar masa duka 100 ɗin, a huta da kuɗin rijista?"

Baba ya ce takardar shaida ba don cikin unguwa ake yin ta ba. Wanda zai karɓe ta a jami'a ko wurin ɗaukar aiki bai san malaminka ba, bai san makarantarku ba, dole a sami ma'aunin da kowa ya yarda da shi. Shi ya sa aka kafa WAEC tun 1952, ƙasashe 5 ke cikinta a yau: Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Irin takardar da za a ba yaron Kano ita za a ba yaron zangon Kumasi. NECO kuma tamu ce ta gida, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa ta a 1999, hedikwatarta tana Minna, ta fara jarrabawarta a 2000. Malam ya ƙara da cewa 'yan makarantun koyon sana'a suna da NABTEB, 'yan makarantun Arabiyya da Islamiyya suna da NBAIS mai hedikwata a Kaduna. Kowace dai aikinta ɗaya: baƙon da bai san yaro ba, bai san ubansa ba, ya auna shi.

Nan Alhaji mai hatsi ya karɓe zancen, ya kuwa kawo misalin da har yau nake juya shi a raina. Ya ce, "Ashe abin irin namu ne. Manomi yana da mudunsa a gida, kasuwa tana da nata. In ka bubbuge gindin mudunka na gida don ka ji daɗin cewa ka sami mudu 100, ranar da ka kai kasuwar Dawanau za a juye a mudun kasuwa, a ce maka 70 ne. Wa ka cuta?"

Malam ya ce wallahi Alhaji ya faɗi abin da ake yi. Hukumar ba ta ɗaukar makin makaranta ta zuba shi yadda ya zo. Takan gwada shi da abin da ɗaliban wannan makaranta suka yi a zaure, ta daidaita. Makarantar da ta ba kowane yaro 28 cikin 30, ta wayi gari 'ya'yanta sun kasa taɓuka komai a takarda, ba ta tsira da wannan 28 ɗin. Wahalar banza ke nan, ga zubar da mutunci.

Ni dai tun daga nan hankalina ya bar kan tela ya dawo kanmu duka, domin abin da ya zo da shi ba nasa ba ne shi kaɗai. Ku duba yadda muke yi da rifot. Ƙarshen kowane zango yaro zai shigo da takarda a ninke huɗu, gumi ya jiƙa gefenta. A jikinta akwai layin kowane darasi: ga tes na farko, ga na biyu, ga jarrabawa, ga jimla, wani wuri da shuɗin biro, wani da ja. A ƙasa ga adadin ranakun da ya zo makaranta da waɗanda bai zo ba, ga 'yar maganar malamin aji, ga sa hannun firinsifal da hatimi. Mu kuwa tambaya ɗaya muke yi: "Na nawa ka zo?" In ya ce na 7, mu ce madalla. In ya ce na 40, mu yi faɗa na minti 5. Daga nan takarda ta shige ƙarƙashin katifa, ko ta faɗa hannun ƙannensa su yi jirgi da ita. Jan biron da ke gaban Turanci zango bayan zango, wanda yake kiranmu da babbar murya, ba mu gan shi ba. Na 7 a ajin da kowa ya faɗi Lissafi, shi ma faɗuwa ya yi.

Ni kaina na yi wannan sakacin da ɗiyata ta fari. Sai da ta kai aji biyar na zauna na jera rifot ɗinta guda 4 a kan tabarma, na ga tun zangon farko Kimiyyar Sinadarai take ja mata baya. Shekara guda da 'yan watanni takardar tana gaya mini, ban saurara ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da na duba da wuri da an tari abin tun yana ƙarami.

In muka tashi zuwa makaranta kuma, me ke kai mu? Ko an kori yaro kuɗin wani abu, ko an dake shi mun je rama masa, ko an ce zai maimaita aji mun je roƙo. Roƙon nan mun iya shi. Mu ɗauki dattijon unguwa, mu ɗauki wanda firinsifal ke jin kunyarsa, a je a ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka, yaron nan maraya ne," ko "Abokansa duk sun wuce, zai shiga damuwa." A tura shi gaba da ramin da ke cikin karatunsa. Mun ɗauka taimako muka yi masa, alhali ranar biyan bashin kawai muka ɗaga.

Da na faɗi haka a majalisa, mai gyaran babur ya ce kada a ɗora wa iyaye laifi su kaɗai, malamai ma da nasu. Malam bai musa ba. Ya ce akwai malamin da zango zai ƙare bai yi tes ko ɗaya ba, ranar cike takarda ya zauna ya dubi sunaye ya yi ta zuba lambobi daga ka. Akwai wanda ke ɗaura maki a kan sayen 'yar takardar darasin da ya buga. Akwai mai makarantar kuɗi da zai tara malamansa ya ce kada ya ga jan biro a rifot, domin uban da ya ga ja zai cire ɗansa ya kai gaba. Ya ce duk wannan cin amana ne, kuma ba ya kare mai yin sa.

Amma ya ce mu zo mu ga nasa teburin. Ya kwatanta mana daren da yake cike babbar takardar maki: aji 4 yake koyarwa, kowane aji yara sun haura 90, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Tes ɗaya in ya bayar, takardu sun doshi 400, yagaggun fallayen littafi, wani da fensir, wani ba suna. Zai ɗaure su da roba ya sa a buhun leda ya ɗaura a bayan babur. In yara sun yi barci ya shimfiɗa tabarma, ya kafa tocilan waya a bakin kofi, ya yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya fara ruwa. "In na ba yaro 6 cikin 20," in ji shi, "ba ƙinsa nake yi ba. Ina gaya wa ubansa ne cewa ga inda ɗaki ke yoyo tun damina ba ta sauka ba. Amma sau nawa uba ya zo ya tambaye ni me ya sa 6? Sai dai ya zo ya ce in mai da shi 16."

Majalisa ta yi tsit. Mai shayi ma ya dakata da kaɗa ƙwai.

Direban da ke jigilar Kano zuwa Maraɗi ya ce a can Nijar 'ya'yan ƙanwarsa a kan 20 ake ba su maki, 10 ce iyakar tsira, kuma a ƙarshen sakandare akwai babbar jarrabawar da suke kira bak, wadda sai da ita ake shiga jami'a. Ya ce lambobin ne suka bambanta, amma zullumin iyaye iri ɗaya ne, har da neman wanda ya san wani.

A nan Kano muna da wani mudun a tsakiya, wato kwalifayin. 'Yan makarantun gwamnati sukan zana ta a aji biyar, wanda ya kai abin da aka gindaya gwamnati ta biya masa kuɗin jarrabawar fita, wanda bai kai ba nauyi ya koma kan iyayensa. Ranar da sakamakonta ya fito, unguwa takan rabu biyu: gidan da ake hamdala da gidan da ake tunanin sayar da akuya. Sai dai ko a nan, kuɗin muke kallo. Muna cewa "ya ci kwalifayin, an huta," ko "ya faɗi, sai a nemo kuɗi." Ba mu cika tsayawa mu ce, wannan jarrabawa ta nuna mana darussan da yaro ke da rauni saura shekara guda, bari mu yi amfani da shekarar ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kwalifayin kuwa Larabar ce.

Sai kuma babban abin da muke yi muna sunkuyar da kai. Yaro ya kai aji shida, mun san bai shirya ba, sai a fara raɗa: akwai wata makaranta a wani ƙauye, in ka yi rijista a can ba a faɗuwa. Mirakul senta ake ce musu. A ninka kuɗi, a kai sunan yaro makarantar da bai taɓa kwana ɗaya a ajinta ba. Na tambayi Malam, to su waɗannan ina suke samo makin shekara 3 na yaron da ba su taɓa koyarwa ba? Ya ce, "Ka amsa wa kanka." Tun daga tushe ke nan da shaidar zur aka fara. A zaure kuma a rubuta amsa a allo, ko a turo ta waya, yara su yi ta kwafa har da kuskuren wanda ya rubuta. Baba Hedimasta ya tuna mana cewa a 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 a kan maguɗin jarrabawa, aka sake wata dokar a 1999. Ya ce doka ba ta gaza tsanani ba, amma ba za ta shiga zuciyar uban da ya ƙirga kuɗi da hannunsa ya bayar a saya wa ɗansa amsa ba.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wani lokaci masu duba takardu su ga amsa iri ɗaya tun daga na farko har na ƙarshe, a riƙe sakamakon, wani ma a soke shi, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. In an tsallake nan, ga jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a gaba, wadda tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta: darasi 4, maki 400, ka dangwala yatsa ka shiga, kai da allon kwamfuta da agogo. Yaro mai A1 a Lissafi ya fito da makin da ba ya iya faɗa a gaban mutane. In ma ya lallaɓa ya shiga jami'a, shekarar farko ta tone asiri. Wannan yaron gobe shi ne zai tsaya a kan majinyacinmu da allura, ko ya tsaya gaban jikokinmu da alli. Abin da muka shuka a ƙauyen can, a ƙofar gidanmu zai tsiro.

Duk wannan hira, mai awarar da ke suya kusa da teburin shayi tana ji. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 5, ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Malam ya nuna ta ya ce, "Ga wadda ta fi mu duka iya duba rifot." Ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Haba Malam, ni da ban san bihim ba."

Amma gaskiya ya faɗa, kuma ni shaida ne. Tun ɗiyarta tana aji huɗu, duk ƙarshen zango za ta aiko ƙaramin ɗanta da rifot a cikin leda, ta biyo baya in ta sauke kasko. Ta tsaya daga bakin zaure ta ce, "Malam, a karanta mini, layi-layi." Ba ta tambayar na nawa. In aka zo wurin ja sai ta ce, "Wannan fa, me ya same shi?" Zangon farko aka gaya mata Lissafi 31 ne. Washegari ta ɗaura mayafi ta tafi makarantar, ta nemi malamar darasin, ta ce ba roƙon maki ta zo ba, so take a gaya mata inda yarinyar ta kasa. Aka ce tushen ne babu, tun daga rabawa da ɓangaren lamba. Ta dawo ta sami wata ɗalibar kwalejin horon malamai a layin bayanmu, suka yi yarjejeniya: darasi sau 3 a mako bayan la'asar, ladan kuwa awarar karin kumallo da ɗan abin da ya samu. Ta sauke wa yarinyar tallan yamma ta ɗora wa kanta. Rifot na gaba 38, na gaba 44, a hankali ja ya koma shuɗi.

Ranar da sakamakon jarrabawar fita sakandaren yarinyar ya fito ina wurin. An sayo katin dubawa, aka kankare, ɗan mai cajin waya ya shigar da lambobi, muka kewaye shi. Intanet ɗin tana ta juyawa, yarinyar ta juya baya ta kasa kallo, uwar tana riƙe da matsamin suya a hannu ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Da shafin ya buɗe aka fara karantowa: Turanci C6, Lissafi C5, Hausa B2, har aka ƙirga kiredit 7. Uwar ta ce, "Malam, ya isa?" Malam ya ce mata daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, D7 da E8 an tsallake amma jami'a ba ta ƙirga su, F9 faɗuwa ce, abin da ake nema a lokacin kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. "Ya isa har ya yi saura." Ta durƙusa a nan bakin titi ta yi godiya ga Allah. Babu A1 ko ɗaya a takardar, amma duk harafin da ke ciki na yarinyar ne, ba wanda zai tsayar da ita gobe ta kasa kare shi.

Tela ya daɗe bai ce komai ba, shayinsa har ya huce. Can ya ce, "To Malam, ni yanzu yaya zan yi da babban?"

Malam ya ce saura makonni, a yi abin da makonni za su iya: ya zo masa da yaron kullum bayan magariba su bi tambayoyin baya, a cire shi daga shago har a gama, a tabbata yana cin abinci yana barci. In Allah ya sa ya haɗa, alhamdu lillahi. In wani darasi ya kuɓuce, ƙofa ba ta rufe ba: akwai NECO a bayan WAEC, akwai ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, wadda ita ba ruwanta da makin makaranta, kuma yawancin kwasa-kwasan jami'a suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. "Faɗuwa da gaskiya ana gyara ta," in ji shi. "Amma ba kana da wani a aji huɗu ba?"

"Akwai ƙaninsa."

"Ina rifot ɗinsa na zangon da ya wuce?"

Tela ya ce sai ya tambayi uwarsu.

Baba Hedimasta ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce da mu duka, ba da tela kaɗai ba, maki 70 na hannun baƙo, ba mu da iko da su sai addu'a da shiri. Amma 30 ɗin nan a unguwarmu ake haɗa su, a hannun malamin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, a kan yaron da ke kwana a ɗakinmu. In muka bar malami ya faɗi gaskiya, muka kuma saurare shi tun zangon farko, mun sami shekara 3 na gyara. Ya yi mana sai da safe ya shige gida.

Washegari da hantsi na bi ta bakin layi zan tafi aiki. Shagon tela a rufe, abin da ban saba gani ba. Yaron shagon yana zaune a kan dakali ya ce maigida ya tafi makaranta. Da yamma na dawo na same shi a kan keke, ga wata takarda mai alamun ninki an manne ta da ƙusa a bango, daidai saitin idonsa, kusa da inda yake rataye tef ɗin awo. Rifot ɗin ƙaramin ne. Ya zagaye wuri 2 da allin yanka.

"Turanci da Fiziks," ya ce da ni. "Na ga malaman duka biyun. Na ce musu kada su ƙara masa ko ɗigo, abin da ya samu shi nake so in gani. Malamin Turancin ya ce in saya masa littafin karatu, ya riƙa karanta mini shafi ɗaya da ƙarfi kullum ina ɗinki."

Yaron yana zaune a kan buhun yadi da littafin a cinyarsa. Uban ya taka keke, ya ce masa, "Ci gaba daga inda ka tsaya."